Tsohuwar Da Aka Bari A Bakin Tafki

Abokina ɗan Numan ne ya ja ni wannan tafiya. Shekararsa ta biyu ke nan yana karatu a jami'ar Jyväskylä da ke tsakiyar ƙasar Finlan, ni kuwa wani gajeren kwas ne ya kai ni Helsinki a watan Yuni. Da muka yi waya sai ya ce, "Malam, har yanzu kana yawo da kyamarar nan taka a wuya kamar laya? To ka zo ƙarshen mako, akwai wata tsohuwa da nake so ku gaisa. Ta haura shekara 250, kuma har yau tana tsaye da ƙafarta."

Na ce ya bar zolaya. Ya ce ai gani ya kori ji.

Ranar Juma'a da yamma na hau jirgin ƙasa, tafiyar awa uku da ɗoriya, aka bi da mu ta Tampere. Duk tsawon hanyar abu biyu ne ke karɓa-karɓa a taga: daji da tafki, tafki da daji. Jefi-jefi sai ka hango wani ɗan gidan katako mai jan fenti shi kaɗai a bakin ruwa, ka rasa wa yake gaisarwa da safe. Washegari muka shiga bas zuwa wani ƙaramin gari mai suna Petäjävesi, kimanin kilomita 30 yamma da Jyväskylä, wanda mutanensa ba su kai 4,000 ba. Sunan garin kalma biyu ce a haɗe: petäjä, wani dogon itace miƙaƙƙe mai ganye kamar allura, da vesi, wato ruwa. Ni dai Fetayabesi harshena ya iya, abokina yana dariya yana cewa na ma fi shi ƙoƙari lokacin da ya zo sabo.

Daga inda bas ya ajiye mu muka taka da ƙafa. Tun ban ga ginin sosai ba hancina ya ba ni labari. Wani ƙauri ne mai daɗi, kamar na rumfar mai ƙyafa kifi da aka daɗe da kashe wutarta. Muna karya kwana sai ga ta tsaye a tsakiyar itatuwa, ruwa ya kusan kewaye ta: tsohuwar majami'ar ɗariƙar Lutheran, gaba ɗayanta katako, bangonta ya yi baƙi-baƙi a wani gefen, a wani gefen kuma ya koma launin zuma. Rufinta dogo ne mai tsananin gangara, don kada dusar ƙanƙara ta sami wurin zama, an jera shi da ƙananan fale-falen katako kamar ɓawon kifi. Daga yamma ga hasumiyar ƙararrawa, an haɗe ta da ginin ta wani ɗan lungu.

Ƙaurin da na ji na kwaltar itace ne. Mutanen ƙasar sun daɗe da sanin wannan sana'a: a tara itacen petäjä a rami, a rufe shi da ƙasa, a sa wuta ta ci a hankali kwana da kwanaki, kwaltar ta riƙa tsiyaya ta ƙasa ana tarewa a gangunan katako. Da can da ita ake shafe jiragen ruwan Turai, kuma tana cikin manyan hajojin da Finlan ke fitarwa. Da ita ake shafe rufin nan lokaci zuwa lokaci don kada ruwa ya ci shi. Nan take na tuna yaɓe. Ginin ƙasa yana neman hannu kafin damina, na katako ma ashe haka.

A bakin ƙofa muka sami wata matashiya, ɗaliba mai aikin hutu, ita ke karɓar kuɗin shiga tana kuma yi wa baƙi bayani, domin da bazara ne ake buɗe wurin kullum. Daga bakinta da kuma allunan bayani na haɗa tarihin. A da wannan yanki yana ƙarƙashin Jämsä ne, can uwar majami'arsu take, kuma tafiya ce mai nisa. In an haihu sai an ɗauki jariri zuwa can don baftisma, in an mutu sai an ɗauki gawa. A 1728 masarautar Suwidin, wadda ke mulkin Finlan a lokacin, ta ba su izinin yin maƙabarta da ɗan ƙaramin ɗakin sujada da kuɗin aljihunsu. Talakawan manoma ne, sai da aka share shekara 35 kafin wannan ginin ya soma tashi. An fara shi a 1763, aka gama a 1765. Wanda ya jagoranci aikin wani gwanin kafinta ne ɗan yankin, Jaakko Klemetinpoika Leppänen. Bayan shekara 56, a 1821, jikansa Erkki Leppänen ya zo ya gina hasumiyar ƙararrawa, ya kuma faɗaɗa tagogi. Kakan ya yi aikinsa ƙarƙashin sarkin Suwidin, jikan ya yi nasa ƙarƙashin sarkin Rasha, domin a 1809 ƙasar ta sauya hannu. Sarauta ta canza, sana'a tana nan a gida ɗaya.

Na tambaye ta dalilin da ya sa aka kafa ta nan gefe, a kan tsinin ƙasa, maimakon tsakiyar gari. Ta nuna mini ruwa. A wancan zamani ruwa shi ne titi. Da bazara mutane kan zo cikin dogayen kwale-kwale, maza da mata suna tuƙi tare, da hunturu kuwa tafkin kan daskare su bi ta kan ƙanƙara da dawaki. Wanda ya zaɓi wurin ya san inda hanyoyin jama'arsa suka haɗu.

Kafin in shiga na nemi izinin ɗaukar hoto. Ta ce ba komai, in dai kiyaye da kayan ciki. Na kai hannu zan cire takalmi bisa sabo, abokina ya riƙe ni. "A'a Malam, nan hula ake cirewa, takalmi kuwa a bar shi a ƙafa." Na ce to kowane gida da ladabinsa. Na tuɓe hula na cusa a jaka.

Ta ƙarƙashin hasumiya ake shiga, wuri mai duhu, sannan ka faɗa cikin ɗakin. Sai da na tsaya idona ya saba. Ciki ba fenti, katakon ya yi furfura, launin toka mai sheƙi kamar gemun dattijo. Daɓen wasu faffaɗan alluna ne da ƙafafu suka siɗe, kowane taku da irin kukan da yake yi. Fasalin ginin gicciye ne mai hannu huɗu daidai da juna, a mahaɗarsu kuma rufin ya tashi sama ya yi tulluwa mai kusurwa takwas. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, irin wannan tulluwa da waɗannan bakuna an san su ne a manyan majami'un dutse na biranen Turai. Kafintan ƙauye ya ɗauko fasalin, ya sassaƙa shi da gatari a jikin itacen dajinsu. Wannan haɗin na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya ginin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1994.

Nan fa aikin da ya kawo ni ya fara ba ni wuya. Hasken ciki kaɗan ne, tagogi kuma fau kamar an kunna fitilar mota. In na auna hasken da taga, ɗakin ya koma dare. In na auna da ɗakin, taga ta ƙone ta zama farar takarda. Na gwada filasha sau ɗaya, hoton ya fito fayau ba rai, katakon ya yi kama da na shagon kafintan bakin kasuwa, na kashe ta ban sake kunnawa ba. Ga shi don gudun nauyi na baro ƙafar kyamara a masauki, rowar da na yi nadamarta. Dole na koma dabarar talaka: in ɗora kyamarar a bayan benci, in tallafe ta da hular da na cire, in sa ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, ni kuma in riƙe numfashi. Duk wanda ya taka daɓen a lokacin, hoton ya girgiza. Abokina ya zama ɗan sandan hanya, yana ɗaga wa wasu baƙi Jamusawa hannu su dakata, su kuma suna murmushi suna tsayawa cak.

Hotunan farko duk na hange ne, ina son in cusa ɗakin gaba ɗaya cikin hoto guda. Ba wanda ya gamsar da ni. Bango ya karkace, tulluwa ta tsuke, abin ya koma kamar na katin gaisuwa. Na zauna a benci ina hutawa, sai rana ta leƙo ta tagar kudu, haske ya kwanta a jikin bango ta gefe. A nan na ga abin da na wuce sau goma ban lura ba: sawun gatari. Kowane gungume yana ɗauke da sara, ɗaya bayan ɗaya, a jere kamar rubutun allo. Wani saran mai zurfi, wani a kaikaice, ka ce mai shi ya gaji ko hannu ya sauya. Na matsa kusa na ɗauka. Tun daga nan na daina farautar ɗaki, na koma bin sawun hannu. Na ɗauki kusurwar da gumagumai suka cije juna, da goshin benci inda tafin hannu ya goge katako har ya yi santsi, da wasu zane-zane da haruffa da kafintocin suka bari can sama a jikin rufi da jar ƙasa. Don waɗannan sai da na kwanta rigingine a daɓe, matashiyar tana kallona tana danne dariya.

Wurin da na fi daɗewa shi ne mumbari. Yana maƙale a kusurwa, inda duk wanda ke hannayen ɗakin huɗu zai iya jin mai wa'azi. An kewaye shi da 'yan gumakan katako, marubuta Linjila da mala'iku, masu zagayayyun fuskoki da ƙwala-ƙwalan idanu. Da ganinsu ka san fuskokin maƙwabta masassaƙin ya aro. A ƙasa kuma wani mutum ne ya ɗauki mumbarin gaba ɗaya a kansa, waliyyi Kiristofa, wanda labarin Kiristoci ya ce sana'arsa ƙetarar da matafiya kogi a kafaɗa. Ga mutanen da sai sun ratsa ruwa kafin su zo sujada, ba sai an yi musu dogon bayani a kansa ba.

Abokina ya ce girman mumbarin ba ado ba ne kawai. A ɗariƙarsu wa'azi da harshen da jama'a ke ji shi ne ƙashin bayan sujada. Tun da Martin Luther ya tayar da ƙurarsa a Wittenberg ta Jamus a 1517, cikin abubuwan da ya matsa wa a kai har da kowa ya ji Littafi Mai Tsarki da harshen uwarsa. Wani ɗan Finlan, Mikael Agricola, ya je Wittenberg ya yi karatu, ya dawo ya fitar da Sabon Alkawari da harshen ƙasarsu a 1548, shi ya sa suke kiransa uban rubutaccen harshensu. Daga baya dokar majami'a ta 1686 ta ɗora wa kowa koyon karatu, har ya zama saurayin da bai iya karatu ba aure kan yi masa wuya. Na ce lallai wanda ya tsara wannan doka ya san inda ake kama samari.

Ya zauna shiru a benci na wani lokaci, ban katse shi ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ka san abin mamaki? Mutanen da suka kai mana wannan ɗariƙar maƙwabtan waɗannan ne." Ya ba ni labarin Dokta Niels Brønnum, likita ɗan ƙasar Denmak, wanda ya biyo kogin Binuwai ya sauka Numan a 1913. Daga wannan zuwan aka sami ekklesiyar Lutheran ta Kristi a Nijeriya, wadda hedikwatarta ke Numan har gobe, kuma da Hausa ake yin yawancin sujadarta a ƙauyuka. A 2017, shekara 500 cif da soma lamarin Luther, shugabanta na lokacin Akbishop Musa Panti Filibus ne aka zaɓa ya jagoranci tarayyar Lutheran ta duniya. "Tsarin sujadar ɗaya ne," in ji shi, "in na rufe ido na san abin da ke biye da wane. Amma a gida ranar Lahadi ba ka samun wurin zama, ga zumuntar mata, ga ganga, ga yara har bakin taga. Nan kuwa fiye da rabin ƙasar sunansu na cikin rajistar majami'a, amma benci sai ka zaɓa." Na ce su sun riƙe gini, ku kun riƙe jama'a. Ya ce, "Da za a haɗa mana biyun, Malam, da mun more."

Na tambayi matashiyar yadda aka yi gini irin wannan ya tsira bai sha gyaran zamani ba. Amsarta ita ce abin da na dawo da shi gida fiye da hotunan. Jama'a sun ƙaru, wuri ya yi kaɗan, sai a 1879 aka gina sabuwar majami'a a ɗaya ƙetaren ruwan, kowa ya koma can. Tsohuwar ba a rushe ta ba, ba a kuma yi mata kwaskwarima ba. An ja ƙofa an bar ta, ana dai binne mamata a maƙabartarta. Shekaru kusan 50 tana zaune haka, har a shekarun 1920 wani masanin tarihin gine-gine daga Ostiriya, Josef Strzygowski, ya gan ta ya faɗa wa duniya darajarta, aka soma gyara a 1929. Da a ce ana ta amfani da ita, da wani mai kyakkyawar niyya ya shafe furfurar nan da fenti, wani ya sauya daɓe, wani ya ce tagogin sun tsufa. Har yau babu abin ɗumama ɗaki a ciki, don haka da bazara ne ake sujada da ɗaurin aure a nan, hunturu kuwa a bar ta da sanyinta.

Muka fito maƙabarta. Tsaf take kamar lambu, ga gicciyen ƙarfe na da, ga duwatsun kwanan nan, ga butocin ban ruwa a rataye don masu ziyara. Wata dattijuwa na durƙushe gaban wani kabari tana cire ciyawa da hannu. Haske ya faɗo mata daidai, bayanta ga baƙin bangon majami'a. Na ɗaga kyamara, sai na sauke. Ba don ni ta zo ba. Sunayen da ke jikin duwatsun ma na kauce musu, domin masu su suna da 'ya'ya da jikoki a garin.

La'asar ta yi, na gangara bakin tafki na yi alwala da ruwan da ya kusan tsinke mini yatsu, na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa rigar sanyi a kan ciyawa. Abokina ya zauna gefe yana gadin jaka yana kore mini sauro. Sauron Finlan ba ya kawo zazzaɓin maleriya, amma wajen naci ko na bakin Binuwai sai ya sara masa.

A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a wannan yanki sai wajen ƙarfe 11 na dare. Hasken nan mai ruwan zinariya da mai hoto a gida yake tsere da shi na 'yan mintoci kafin magariba, a nan awanni yake yi yana jiranka. Muka zagaya ta ɗaya gefen ruwan muka zauna. Can iska ta kwanta, tafkin ya zama madubi, majami'a biyu suka bayyana, ɗaya a tsaye ɗaya a kife. Na ɗora kyamara a kan dutse na ɗauki uku, batir ya mutu a na huɗu. Ɗaya daga cikinsu ne hoton da kowa ke yabawa in na nuna. Amma wanda na wanke na rataye a ɗakina na sawun gatarin ne.

A bas muna komawa hankalina ya tafi Zariya. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi ma aikin gwani ne da kayan ƙasarsa: ƙasa da azara, da bakuna da tulluwa da masana gini na duniya suka yi ta rubutu a kansu. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Abokina ya ce su ma a ƙauyukansu ɗakunan sujada na farko, na jar ƙasa, da yawa an baje su an kafa na bulo a gurbinsu, ko hoto ba a ajiye ba. Halinmu ɗaya ne a nan: in Allah ya hore mana, tsohon muke fara kaiwa ƙasa, sai daga baya mu riƙa ba jikoki labarinsa da baki.

Manoman Petäjävesi ba su fi mu kuɗi ba, ba su kuma san wata UNESCO za ta zo ba. Sun dai nemi wani fili don sabon gini, suka ƙyale na kakanninsu a tsaye, na bayansu kuma suka riƙe shi da kwalta. Don haka ga roƙona. In za a yi sabon masallaci ko sabuwar majami'a a garinku, a nemi fili a gefe, a bar tsohon, a riƙa yi masa yaɓe kafin damina. Kai kuma mai waya a aljihu, in ka je gida hutun nan, ka nemi izini ka ɗauki tsohon masallacin unguwarku, ko majami'ar, ko zauren mai gari, ciki da waje. Ka matsa kusa ka ɗauki sawun hannun magini a jikin bango. Sannan ka sami dattijon da ya fi kowa shekaru, ka tambaye shi sunan wanda ya gina, ka rubuta tun yana da rai.